Idon Bamako: abin da Malick Sidibé ya bar wa masu ɗaukar hoto a zamanin waya

Da amarya ta sako ƙafa cikin zauren biki, tun kafin makaɗi ya canja kiɗa, wayoyi sun tashi sama. Ƙawaye, dangin ango, har yaran da suka biyo iyayensu, kowa ya miƙa hannu yana dannawa. Mai hoton da aka biya kuɗi ya zo aiki yana can yana kutsawa tsakanin kafaɗu, yana roƙon a ɗan matsa masa.

Kafin a tashi an ɗauki hotuna ɗaruruwa, wataƙila ma sun haura dubu. Amma bayan wata guda, in aka ce a fito da guda ɗaya da ya isa a wanke a rataye a falo, sai ka ga ana ta jan allo da yatsa ana tsaki. Wannan fuska ta yi duhu, wancan ido a rufe, wannan kuma an goge fatar amarya an haske ta har mahaifiyarta sai ta sake dubawa kafin ta shaida ta.

Ba a taɓa ɗaukar hoto da yawa kamar yanzu ba, kuma ba a taɓa samun kayan aiki masu sauƙi irin na yau ba. Duk da haka hoton kaka da aka ɗauka sau ɗaya tak a shagon mai hoto, baƙi da fari, gefensa ya fara cinyewa, shi ne ake ɓoyewa a ƙasan akwati, shi ake rigima a kansa in an zo rabon kaya. Me tsofaffin masu sana'ar suka sani da ya kuɓuce wa masu waya? Amsa mafi gamsarwa tana cikin rayuwar wani mutumin Mali da duniya ta yi wa laƙabi da Idon Bamako.

Ɗan Fulanin da ya bar kiwo

An haifi Malick Sidibé a tsakiyar shekarun 1930 a ƙauyen Soloba da ke kudancin Mali, lokacin ƙasar na hannun Faransa. Ɗan Fulani ne, ya taso yana bin dabbobi, kuma tun yana yaro ya rasa ganin idonsa ɗaya. Baiwar zane ce ta fito da shi daga ƙauye. A 1952 ya shiga makarantar koyon sana'o'in hannu ta Bamako, kuma a 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya ɗauke shi ya ƙawata masa shago. Daga nan ya zama yaron shago, ya koyi sana'ar a tsaye, irin koyon da ake yi da ido da hannu. Shekara guda bayan haka ya sayi kyamararsa ta farko, ƙaramar Brownie Flash.

Maigidansa yana ɗaukar shagulgulan Turawa, shi kuma ana tura shi na 'yan ƙasa. Mali ta sami 'yanci a 1960, kuma a farkon shekarun nan ne Sidibé ya buɗe nasa shagon, Studio Malick, a unguwar Bagadadji. Bamako ta lokacin cike take da matasa masu ɗokin sabuwar rayuwa. Sun kafa ƙungiyoyin abokai a unguwanni, suna haɗa kuɗi su shirya rawa, suna sa faifan James Brown da kiɗan Kuba, suna gasar ɗinki. Ba a cika biki ba sai Malick ya iso da kekensa da kyamara mai walƙiya.

A dare ɗaya yakan zaga wurare da dama. Idan ya dawo shago cikin dare sai ya shiga ɗakin duhu ya wanke fim, ya buga ƙananan hotuna, ya manna su a kan kwali, ya sa wa kowanne lamba, ya rubuta sunan ƙungiya da kwanan wata. Washegari ko jibi matasan su zo su zaɓa su biya. Ranar Lahadi kuma yana bin su bakin kogin Neja inda suke wanka da wasanni.

Darasi na farko: a san ka kafin ka danna

Hotonsa mafi shahara shi ne na 1963 da ake kira Nuit de Noël, wato daren Kirsimeti. Saurayi ne sanye da kwat mai haske da laktaye, da budurwa cikin doguwar riga, ba takalmi a ƙafarta. Sun sunkuya, goshinsu ya kusa haɗuwa, kowa na kallon ƙafafu, suna murmushi. A bayansu kujeru ne da duhun tsakar gida. Wa da ƙanwa ne, yana koya mata rawa. Mujallar Time ta Amurka ta sa wannan hoto cikin hotuna 100 mafi tasiri a tarihi.

Abin lura shi ne babu wanda ya kalli kyamara a cikinsu, alhali mai hoton yana tsaye dab da su, kuma walƙiyarsa ba ta ɓoyuwa. Dalili kuwa ba sirri ba ne: sun saba da shi. Ya san sunayensu, ya san iyayensu, ya san wa ke neman wa. Ba baƙo ba ne da ya shigo ya saci hoto ya gudu. A hirarrakin da aka yi da shi a ƙarshen rayuwarsa ya sha nanata cewa mai hoto dole ya kasance mai fara'a da son mutane, domin fuskar wanda ake ɗauka tana bin fuskar mai ɗauka. In ka zo a murtuke, abin da za ka samu ke nan a fim.

Wannan shi ne abin da masu koyon sana'ar suka fi tsallakewa, don ba a sayar da shi a kasuwa. Matashi zai tara kuɗi shekara guda ya sayi kyamara mai tsada, ya haddace maɓallanta, amma ya tsaya gaban dattijo ko sallama bai iya yi masa da kyau ba, sannan ya yi mamakin yadda hoton ya fito a sandare. Mutum in ya ji kunya ko tsoro, kafaɗarsa takan ɗage, wuyansa ya ƙage, murmushinsa ya zama na dole. Babu manhajar da ke gyara wannan.

A cikin shago ma haka Sidibé yake. Ɗakin ƙarami ne, daɓen mai zanen dara baƙi da fari, labulen baya mai ratsi. Mutane na zuwa da abin da suke alfahari da shi: babur, rediyo, sabon agogo, wani ma da ragonsa. Ba ya hana su, ba ya yi musu dariya. Yakan tsokane su har su saki jiki, ya taso da kansa ya gyara wa mutum haɓa, ya juya masa kafaɗa, ya daidaita hannu yadda agogon zai fito. Ya fahimci cewa wanda ya biya kuɗin hoto ba kamanninsa kawai yake so ba, yana so a gan shi yadda yake ganin kansa a ranar da ya fi kowace rana kyau.

Fim ɗaya, dannawa ɗaya

Ba za a yi maganar Sidibé a bar Seydou Keïta ba, wanda ya girme shi kuma ya riga shi suna a Bamako. Keïta ɗan kafinta ne. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal ya ba shi kyamarar Kodak Brownie, kuma a 1948 ya buɗe shago a tsakar gidansu. Yawancin aikinsa da hasken rana yake yi. Labulen bayansa na farko ma shimfiɗar gadonsa ce. Ya tanadi kwat, tabarau, alƙalami, rediyo da babur ƙirar Vespa don wanda yake son ya ara ya ɗauki hoto.

Fim ɗin da yake amfani da shi manyan falle-falle ne masu tsada, don haka galibi sau ɗaya yake danna wa kowane mutum. Wannan ƙunci shi ya zama malaminsa. Kafin ya danna sai ya gama duba komai: inda haske ke faɗowa, yadda zane ya kwanta, inda yatsu suke, ko ɗankwali ya karkace. Ya yi ta faɗa da alfahari cewa danna maɓalli ba wuya, gwaninta tana wajen sanin yadda za a zaunar da mutum. Ya fi son ya ɗan karkatar da jiki maimakon a fuskanci kyamara ƙiƙam kamar hoton fasfo. Kuma yana da ƙarfin halin ɗora atamfa mai zane a gaban labule mai zane, abin da littattafan koyarwa za su hana, amma a hannunsa sai fuskar matar ta fito tsaf daga cikin tarin zanen.

Ko masu ƙananan kyamarori na lokacin, naɗin fim ɗaya galibi hoto 12 ne ko 36. Kowace dannawa kuɗi ce. Yau waya na ɗaukar goma a daƙiƙa ɗaya ba ko sisi, sai tunani ya koma baya: a danna tukuna, a duba daga baya. Matsalar ita ce hoto ɗari da aka ɗauka a wuri mara kyau, cikin haske mara kyau, duk ɗari ɗin marasa kyau ne. Shi ya sa malaman hoto da yawa ke ba ɗalibai aikin fita yini guda da sharaɗin kada su wuce hoto goma ko ashirin, don ido ya koyi yanke hukunci kafin yatsa ya motsa.

Haske da baƙar fata

Akwai wani abu da masu hoton Afirka suka daɗe suna fama da shi wanda littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba. Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak ya daɗe yana raba wa masu wankin hoto mai launi wani kati na gwaji mai ɗauke da hoton farar mace, da shi ake saita injin. Sakamakon haka fim mai launi ya daɗe yana zaluntar baƙar fata, fuska ta fito duhu ba a ganin komai sai ido da haƙori. Daga cikin waɗanda kokensu ya taimaka aka gyara har da masu sayar da cakulan da kayan katako, da suka ce launin hajarsu ba ya fitowa daidai a talla.

Su Keïta da Sidibé da baƙi da fari suka yi aiki, kuma da hannunsu suke wankewa, don haka su ke yanke shawarar yadda fata za ta fito. Duba hotunansu: goshi na sheƙi, kumatu na da zurfi, ana ganin tsagar fuska da laushin fata, ba a mai da kowa fari ba. Suna auna haske a kan fuska ne, ba a kan riga ba.

Wannan darasi yana aiki kai tsaye a ranar Sallah. Magidanci ya sha farar shadda ya tsaya cikin rana tsaka, waya ta ga farin ya yi yawa sai ta rage haske, fuska ta nutse. Ga rana a tsakiyar ka, ta jefa inuwa cikin kwarmin ido da ƙarƙashin hanci. Maganin ba ya cin kuɗi. A matsa inuwa, a tsayar da mutum a bakin zaure ko kusa da taga yana fuskantar waje, yadda haske zai shafe shi daga gefe, sannan a taɓa fuskarsa a allon waya don ta auna daga nan. Hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana nesa ba kusa ba. Ko hazon hunturu da ake kuka da shi, ga mai hoton fuska alheri ne, don yana tausasa rana.

Haka kuma gilashin kyamarar waya mai faɗin gani ne. In aka kusanto da shi fuska sai hanci ya ƙara girma, kunnuwa su ja baya. A ja da baya taku biyu ko uku, a riƙe wayar daidai tsayin idon mutum, in yaro ne a durƙusa. A kuma kalli bayan mutum kafin a kalli mutumin, domin bokiti da igiyar shanya da turken lantarki da ya tsiro daga kan ango sun ɓata hotuna fiye da kowace kyamara mara kyau.

Wanda ya adana shi ya ci riba

A ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 hoto mai launi da injinan wanki masu sauri suka shigo, kasuwar masu baƙi da fari ta faɗi. Sidibé ya koma yana gyaran kyamarori da ɗaukar hoton katin shaida. Keïta kuwa tun 1962 gwamnati ta ɗauke shi aiki, ya yi ritaya a 1977. Da labarin ya tsaya nan, da babu wanda zai san su a wajen Mali.

Abin da ya cece su shi ne ba su zubar da fim ɗinsu ba. A 1991 aka nuna wasu hotuna a wani baje koli a New York, an rubuta a ƙasansu cewa ba a san mai ɗaukar ba, daga Bamako dai suke. Wani Bafaranshe mai harkar zane-zane, André Magnin, ya taho Bamako da kwafinsu yana cigiya. Aka kai shi wurin Sidibé, wanda kallo ɗaya ya yi musu ya ce aikin Keïta ne. Da aka je, sai ga dubban fina-finansa a ajiye. Shi ma Sidibé nasa suna jere cikin kwalaye, da kwanan wata a jiki.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1994 aka fara bikin baje kolin hotunan Afirka na Bamako, wanda ake shiryawa duk bayan shekara biyu. Keïta ya rasu a Paris a 2001. Sidibé ya karɓi kyautar Hasselblad a 2003, sannan a 2007 aka ba shi Zakin Zinare na bikin Venice a Italiya don aikin rayuwarsa, shi ne mai hoto na farko kuma ɗan Afirka na farko da ya samu. Ya rasu a Bamako a watan Afrilun 2016.

A Najeriya ma akwai irin wannan misali. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara da 'yar kyamarar Brownie a 1950, ya shafe shekaru tun daga 1968 yana ɗaukar kitson mata, har ya tara kusan dubu, yana rubuta sunan kowane kitso da inda ya fito. Galibi daga baya ko gefe yake ɗauka, bango fayau, don kada komai ya janye ido daga aikin makitsiya. Salo da yawa a ciki an daina yin su, hotunansa ne suka rage shaida.

A nan ne zamanin waya ya fi rauni. Hotunan suna da na aure na iyali guda suna cikin waya ɗaya, in an ƙwace ta ko ta faɗa ruwa shi ke nan. Waɗanda aka tura ta WhatsApp kuwa manhajar takan matse su, in an zo bugawa da girma sai su farfashe. Da wuya ka sami mai hoton biki da zai iya fito maka da aikin da ya yi shekara biyar baya, da suna da kwanan wata. Abin takaici ne ƙwarai, domin shagunan hoto na Kano, Zariya, Damagaram da Maraɗi sun ɗauki tarihin sutura da kwalliya da zumuncin al'umma guda, kuma duk shagon da aka rufe aka share kwalayensa, wani yanki na wannan tarihi ya tafi.

Ba kowa ya yarda ba

Matasan da ke sana'ar yau suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mai biya shi ke da zaɓi: amarya ce da kanta ke cewa a haske ta, a share ƙuraje, a rage ƙiba, in ka ƙi gobe ta tafi wurin wani. Suna kuma tuna wa masu sukar cewa su Keïta ma ƙawata mutane suke yi, tunda wanda ya ari kwat da babur ba nasa ba ne. Gaskiya ne. Sai dai akwai tazara tsakanin ara wa mutum kwat da canja masa fata. Na farko yana ƙara masa kwarjini a matsayinsa na shi, na biyu yana gaya masa cewa yadda Allah ya yi shi bai isa ba.

Wasu kuma na ganin waya ta yi adalci. A da sai mai kuɗi ko ɗan birni ke da hoto, mata da yawa na cikin gida ba su taɓa shiga shagon mai hoto ba. Yau yarinya a ƙauye na iya ɗaukar kakarta tana kaɗi. Wannan ci gaba ne da babu mai musunsa.

Akwai kuma tambayar da masana ke yi game da shaharar su Sidibé kanta. Hotunan da aka buga ƙanana don a ba masoyi ko a aika wa dangi, yanzu an buga su manya ana sayarwa da tsada a Turai da Amurka, alhali mutanen da ke ciki ba da wannan niyya suka zauna ba. Bayan rasuwar Keïta har rikici ya ɓarke tsakanin dillalai kan wa ke da haƙƙin buga aikinsa.

Batun izini ya fi zafi a yau. Da an yi haɗari a hanya, kafin a kai hannu ga wanda ya ji rauni an kai waya. Ana ɗaukar almajirai da 'yan gudun hijira da marasa lafiya a watsa ba tare da an tambaye su ba. Malaman addini sun daɗe da saɓani kan hukuncin hoto, amma tona asirin mutum da wulaƙanta shi ba abin saɓani ba ne. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta nuna wata hanyar da shirinta na Bits of Borno da ta fara a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da ƙonannun gidaje. Ta riƙa ɗaukar 'yan kasuwa, 'yan makaranta da masu kwalliyar Sallah, tana tsayawa ta yi hira da su, ta rubuta labarinsu a ƙarƙashin hoton. Kafofin yaɗa labarai na ƙasashen waje sun ɗauki aikin, kuma mutanen Borno da ke nesa da gida suna cikin waɗanda suka fi bibiyarsa.